Shi Kunne, Ni Ido

Me Malam yake gani a cikin kansa in ina faɗa masa abin da ke cikin hoto? Abin da na gani shi yake gani, ko kuwa nasa daban ne, ya fi nawa muni? Na so in tambaye shi, na yi ta cewa sai gobe, har goben ta zo babu shi. In na tuna sai hawaye, ga su nan ma yanzu. A bar su su zubo, ba za su hana ni magana ba, don labarin nan na daɗi ne.

Malam mijina ne. Aikin gwamnati ya yi a nan Kaduna, a ofishin safiyo, inda ake zana taswirar filaye da hanyoyi. Mutum ne mai ido. In ya shigo ɗaki ya ga agogon bango ya karkace ko da kaurin tsinke ne, ba zai zauna ba sai ya gyara shi. Ni kuwa daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau aka kawo ni, ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan shaida shi ba. Muka zauna a Badarawa, muka haifi 'ya'ya, muka aurar da su.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: fim ɗin ban tsoro. Tun yana saurayi yake zuwa silima dominsu. Da aka daina silima ya koma kaset, da kaset ya wuce ya koma faifai. In ya shiga Babbar Kasuwa sayen takalmi, sai ya dawo da takalmin a hannu, faifai a aljihu. Ni da na ji kiɗan nan nasu mai kama da kukan ƙofar da ba a sa wa mai ba, sai in ɗauki tsintsiyata in yi tsakar gida.

"Hajiya, zo ki ga wani abu!"

"Allah ya kiyashe ni. Da safe ka nemi tsari, da yamma ka je ka sayo abin da ka nemi tsari da shi."

"Ai duk kwali ne da fenti."

"To ka ci kwalinka kai kaɗai."

Haka muka tsufa, yana kira ina ƙin zuwa.

Bayan ya yi ritaya sai hawan jinin ido ya kama shi. Ciwon ya fara cin gefe da gefe, ya ce kamar mai leƙe ta cikin bututu yake. Aka yi ta ɗiga magani, bututun yana ta tsukewa, har ya rufe. Na ɗauka rashin idon shi ne babbar masifar, ashe abin da ya biyo baya ya fi shi. Malam ya zauna. Ya daina fita masallaci, ya ce ba ya son a riƙe masa hannu kamar ana jan akuya. Ya daina tsokanata. Tuwo yadda na kai masa haka nake ɗauko shi, sai dai ɗan gurbin yatsu biyu a gefe. Rigunansa suka koma kamar na aro.

Babbar 'yarmu tana aure a Kinkinau, ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo ta auna shi, ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Inna, ba idon nan ne zai kashe Baba ba. Zaman nan ne da ƙin cin abinci. In bai soma ci ba, ni dai ban san abin da zan ce miki ba."

Ta kawo masa sabuwar rediyo, bai kunna ba. Ta ce ko a fitar da talabijin da faya-fayan nan daga ɗakin, kada su riƙa tuna masa. Na jira ya yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Ku ɗauke." Ran nan na san mijina yana tafiya yana zaune.

Kashegari bayan azahar na shigo da kwali don in kwashe faya-fayan. Na tarar ya riga ni, ya tara su a cinyarsa yana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ɗaya wajen da ya ji motsina.

"Wanne ne wannan?"

"Ina na sani? Wani farin gida ne da busasshen itace a gabansa."

"Tagar sama a buɗe take?"

"A buɗe."

"Mai kyau ne wannan." Ya ajiye shi a hankali.

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Sa shi."

"In sa wa wa?"

"Ka sa mana. Kai kana jin Turanci, ni ba na ji. Ni ina da ido, kai ba ka da shi." Da na faɗa sai na ciji harshena, don tunda abin ya faru ba wanda ya faɗa masa haka ƙiri-ƙiri. Can ya ce, "Akwai wuta?" Na ce akwai. Ya ce, "To ja labule."

"Kai da ba ka gani, me labule zai yi maka?"

"Ke nake ja wa."

Hannunsa ya san injin kamar yadda nawa ya san murhu. Ya lalubo ya sa faifan, kiɗan nan ya tashi, na zauna kusa da shi ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da farko abin ya tafi daidai. Ya ce mini mutanen sun sayi gida ne da arha. Na ce masa sun sauko daga mota, mata da miji. Sai matar ta nufi wata ƙofa, kiɗan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, aka kwatsa wata ƙara.

"Me ya faru? Me ta gani?"

Ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Hajiya!"

"Ban gani ba."

"Kamar yaya ba ki gani ba?"

"Na rufe fuskata da mayafi."

Wallahi sai ga kafaɗunsa suna rawa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Innalillahi! Makafi biyu sun tasa talabijin gaba. Ni Allah ya rufe nawa, ke kin rufe naki da hannunki. Wa zai ba wani labari?"

Dariyar nan ita ce ta farko tun da idon ya tafi. Amma da yamma tuwon ya dawo yadda yake. Na ce a raina, to, dariya ba ta isa ba. Abin da yake marmari shi ne ya ji tsigar jikinsa ta tashi kamar da. In na iya tsorata shi, na dawo da shi.

Sai muka mai da shi aiki. Kullum aka bar mana wuta, bayan azahar, in ja labule, in ajiye mayafin nesa da ni don kada hannuna ya kai. Na koyi buɗe ido, amma ban iya faɗa ba. Sai in ce, "Dodo ya fito!" Shi kuwa ya yi hamma.

"Dodo ba ya ba kowa tsoro, Hajiya. Da ya fito an gama. Bar ni da dodo, gaya mini ɗakin. Daga ina haske yake zuwa?"

Ban taɓa sanin haske yana da inda yake zuwa ba. Na duba, na ce, "Daga ƙasa. Ya haska haɓar wani tsoho da ƙofofin hancinsa, idanunsa sun zama ramuka."

"Yauwa! Me ya sa abin ya dame ki?"

Na tuna muna yara a ƙauye, yayana yakan kara aci-balbal a ƙarƙashin haɓarsa mu watse da ihu, alhali mun san shi ne. Na ce, "Don Allah ya saba mana da haske daga sama. Rana daga sama, wata daga sama. Wanda ya zo daga ƙasa ba namu ba ne."

Ya buga cinyarsa ya ce, "Ashe shekarun nan duk malama nake aure ban sani ba."

Daga nan idona ya buɗe, abin ya shige ni kamar yaji. Na lura masu fim ɗin nan suna wanke launi, su bar komai ya koma ruwan toka ko kore-kore irin na ruwan da ya kwana a kwata, sai su ajiye abu ɗaya ja, ko ƙwallon yaro ko ɗankwali, idonka ya kasa barinsa. Na lura wani lokaci suna karkata hoton, ɗakin ya zama kamar faranti a hannun wanda zai faɗi, har in ji ina dafe kujera. Suna son lungu mai tsawo, wanda ƙarshensa ba ya ganuwa, irin yadda zaure yake yi maka in ka shigo daga rana tsaka. Wata rana na ce masa, "Malam, sun ajiye wata yarinya can gefe, sun bar rabin hoton ba kowa. Kamar an shimfiɗa tabarma an bar gurbin baƙo."

Ya gyara zama. "Ina kike kallo, yarinyar ko gurbin?"

"Gurbin mana. Wa zai kalli yarinya?"

"To nan suka ɓoye tsoron. Mu ma a taswira, inda aka bari fari shi ne inda ba wanda ya taka."

Yana jin daɗi, yana yi mini gyara, har ya soma shan ɗan kunu. Amma tsoro bai ji ba. Kalma ɗaya ta yi ta kayar da ni, ita ce inuwa. Fina-finan nan cike suke da ita, a bango, a matakala, a ƙarƙashin ƙofa. Sai in ce cikin rawar murya, "Malam, ga inuwa a bayansa!" Shi kuwa ya ce, "Madalla, ya je ya huta. A kai masa ruwan randa."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma. Ke Bahaushiya ce, ni Bahaushe. Kika ce inuwa, sai in ji ina son a shimfiɗa mini tabarma. Su can ƙasarsu sanyi ne, inuwa abokiyar gaba ce. Mu nan rahama ce."

Gaskiyarsa. Mu inuwa muke nema tun daga hantsi. Uba inuwa ne, miji inuwa ne, ga ni yau da na rasa tawa na san zafin rana. Ta yaya zan tsorata mutum da abin da yake roƙon Allah ya ba shi?

Na yi ta juya maganar ina aikina. Wata la'asar ina daka a tsakar gida sai na ga tawa inuwar a jikin katanga. Na ɗaga taɓarya ta ɗaga, na sauke ta sauke. Na tsaya ta tsaya. Na ce, ashe abin da ya sa muka yarda da ke kenan, kina da mai ke, kuma kina bin umarni. Na gane kuskurena. Ina jefa masa inuwa ne haka kawai, ban fara gaya masa ta wace ce ba.

Ga wata matsalar kuma: duk faya-fayan gidan ya haddace su. Tun kafin in buɗe baki ya san abin da ke zuwa. Sai na sa hijabina na hau Keke zuwa Babbar Kasuwa. Masu faifai sun yi ƙaranci, kowa ya koma waya, sai da na yi ta tambaya kafin aka nuna mini wani dattijo a wani lungu.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Na wa'azi ko na karatu?"

"Na tsoro."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Jikoki suka aiko ki?"

"Maigida ne."

"To fa. Me ya yi miki?"

"Ba ya cin abinci."

Bai gane ba, ni kuma ban tsaya yi masa bayani ba. Ya zube mini su, masu jini, masu haƙora, masu gatari. Duk na ture. Can ƙasa na ga wani da ba kowa a jikinsa, ɗakin girki ne kawai, da teburi, da kujera ɗaya da aka ja baya kamar yanzu wani ya tashi. Na ji bayan wuyana ya yi sanyi. Na ce wannan.

Da na kawo Malam ya shafa shi ya ji ledar ba a ɓare ba. "Ba ki leƙa ba?"

"Da wane hannun zan kunna?"

Kashegari bayan azahar na dama fura na ajiye kusa da ƙafarsa, ko da zai yi sha'awa. Na ja labule. Ya ce mini wata mata ce ita kaɗai a gida, mijinta ya yi tafiya, kuma tana gaya wa 'yar uwarta a waya cewa ba ta jin tsoron komai. Na ce, "Za ta ji." Aka daɗe ba abin da ya faru, sai ɗakuna da tagogi. Sai ga ta a ɗakin girkin nan. Da na ga inda suka dasa fitilar, gefe guda, ƙasa-ƙasa, da faffaɗan farin bangon da suka bari a bayanta, na san baƙo yana tafe. Na sassauta murya.

"Tana tsaye a gaban teburi tana yanka kabeji. Fitila tana hagunta. Bangon bayanta fari ne, ba komai a jikinsa sai inuwarta."

"Uhm."

"Tata ce, har ɗaurin gashinta ga shi nan. Ta ɗaga wuƙa, inuwar ta ɗaga. Ta sauke, ta sauke."

Yana jin ƙarar wuƙar a kan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗan sunkuyo. Na ci gaba da bin ƙarar da bakina, ta ɗaga, ta sauke, ta ɗaga, ta sauke, har na ga kansa yana bi. Sai ƙarar ta ɗauke.

"Wuƙar ta yi shiru," in ji shi.

"Ta ajiye ta. Ta sa bayan hannu tana share goshi."

"To?"

Abin da na gani a bangon nan ya sa hannuna ya tafi neman mayafi, bai samu ba. Na matso dab da kunnensa.

"Malam, inuwar ba ta ajiye ba. Tana nan tana yanka."

"A'uzu billahi!"

Ya damƙe wuyan hannuna har sai da ƙashin ya yi ƙara, ƙafarsa ta yi sama ta kwashe kwanon fura, ludayi ya bugi talabijin. Ni ma na saki salati. Na dubi damtsensa, wallahi gashin ya miƙe tsaye kamar shukar gero.

"Matar ta gani? Ta juyo?"

"Ba ta gani ba! Ta ba bangon baya!"

"Ki ce ta fita! Ke baiwar Allah, fita!"

Maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallama babu, zani a hannu. "Hajiya, lafiya? Jikin Malam ne?"

Malam ya ce, "Lafiya lau. Inuwa ce take yanka kabeji."

Ta tsaya tana kallonmu, tsofaffi biyu cikin fura male-male, muna haki muna dariya. Ta ce Allah ya shirya, ta fita.

Da fim ɗin ya ƙare ya jingina da bango yana mai da numfashi. Ya ce, "Kin zubar mini da fura."

"Ni ko kai?"

"Ke kika jawo. Damo wata." Na miƙe. Ya ce, "Tsaya. Akwai sauran tuwon jiya?"

Na yi masa ɗumame da man shanu. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon, ni kuwa ina bakin ƙofa ina kuka ba sauti don kada ya ji. Ya ce, "Ina jin ki, matsoraciya."

Daga ranar Malam ya dawo. Kumatunsa suka ciko. Ya yarda maƙwabci ya riƙe masa hannu zuwa masallaci, don yana da labarin da zai ba tsofaffin da ke zama a dakali bayan la'asar. 'Yarmu ta zo ta ɗora shi a ma'auni, ta dubi ma'aunin ta dube ni ta ce, "Inna, wane magani kika ba shi?" Na ce ta tambayi ubanta. Ni kuma na zama 'yar gidan dattijon nan na kasuwa, da ya hango ni sai ya soma ture masu jini gefe. Ni da nake gudu tsakar gida, na koma mai leƙen ƙwan fitila in ga ko an kawo wuta. Shekarun da muka yi a haka, ban ɓoye ba, sun fi mini na amarci daɗi.

Faifan ƙarshe da na sayo, ba mu kai ƙarshensa ba. Wani mutum ne ya gaji gidan kakarsa, a ciki akwai ƙofa ɗaya da aka shafa wa fenti iri ɗaya da bango don kada a lura da ita. Na gaya wa Malam yadda haske yake fitowa ta ƙarƙashinta siriri kamar zare, da yadda suka sa mu muna kallon mutumin daga ƙasa, ƙofar ta yi masa tsawo. Ya kai hannu zai murɗa. Malam ya riƙe hannuna. Sai aka ɗauke wuta. Ya yi ta faɗa har magariba.

Da safe bayan ya karya ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Na kira 'yarmu, suka zo da mijinta a mota. Suka ce in tsaya in haɗa masa kaya da abinci in biyo su, dubawa kawai za a yi. Ina cikin zuba miya a kula aka aiko. Ko azahar bai kai ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Faifan yana nan cikin injin, ban bari kowa ya taɓa ba, kuma ba zan bari ba.

Da safen nan da suka sa shi a motar, har an tayar, sai ya ce a tsaya. Ya lalubo gilashin ya sauke, ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye, kamar yana ganina. Yana murmushi ya ce:

"Hajiya, in an kawo wuta kada ki sa a kunna miki. Ki jira ni. Kada ki riga ni ganin abin da ke bayan ƙofar nan."